Gidan da Aka Hana Cire Takalmi

A cikin dukan malaman da muka ajiye alli a Anka, babu wanda Allah ya yi wa baiwa kamar Malam Jatau. Mu da muka yi ritaya gindin darbejiya muka koma, muna gyara wa masu karanta labarai a rediyo Hausarsu. Shi kuwa rana ɗaya ya wayi gari injiniya, ba tare da ya wahalar da kowace makaranta ba. Hujjarsa mai ƙarfi ce: shekara talatin da ɗaya yana zana wa 'yan aji biyar batir da ƙwan fitila a allo, kuma ko sau ɗaya zanen bai kama da wuta ba. Mu muka laƙaba masa Sarkin Wuta. Da wasa muka fara, ya karɓa da gaske, har mu ma muka manta wasa ne.

Da ya tashi sa wa gidansa lantarki, aka ba shi shawarar kiran surukinsa Zayyad, wanda ke aikin waya a Gummi da lasisinsa. Malam ya gyara zaman tabarau.

"Yaron da ya durƙusa gabana yana neman aure, shi zai duba mini aiki? Lantarki, jama'a, waya biyu ce: ɗaya ta tafi, ɗaya ta dawo. Ta ukun nan da suke binnewa a ƙasa ado ce kawai."

Muka gyaɗa kai, domin jimlar ta tsaru.

Ya ja wayarsa ta bakin kwanon rufi, babu bututu, ya naɗe mahaɗanta da ledar burodi. Damina ta sauka, iska ta yi ta goga waya da kaifin kwano har ta feɗe ta. Ba da daɗewa ba matarsa Dija ta ce, "Malam, ƙofar ga tana cizo."

"Sanyin ƙashi ne, Dija. Shekaru."

Wata safiya shi da kansa ya gama alwala ya dafa ƙofar ƙarfen nan ba takalmi. Waɗanda suka gani sun ce rabonsa da irin wannan tsalle tun yana koyar da motsa jiki. Ƙaramin mutum da sai ya ce ya yi kuskure. Sarkin Wuta doka ya kafa. Ya sami kwali ya rubuta da kyakkyawan hannu: An hana cire takalmi a gidan nan. Ya yi mana bayani cewa roba ba ta ɗaukar wuta, saboda haka gidan lafiya lau yake, ƙafafun mutane ne suka rasa ilimi. Gidansa ya zama gida na farko a ƙasar Anka da ake yi wa baƙo faɗa don ya nuna ladabi.

Ana nan sai 'yarsa Naja'atu, matar Zayyad, ta zo gida haihuwar fari. Ga wankan jego safe da yamma, ga ƙofar makewayi ta kwano haɗe da rufin nan. Dija ta ce, "Mai jego ma da takalmi za ta yi wanka?"

"Da silifas biyu in ta kama."

Dija ta aika Gummi a kira Zayyad.

Zayyad ya iso da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke, mu shida muna zaune a zaure. Ya ga kwalin, ya karanta. Amma wane suruki ne zai taka zauren surukinsa da takalmi don kwali ya ce? Ya ɗauka karamci ne irin na manya, sai ya tuɓe nasa tun daga nesa, ya tako jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Da zai miƙe ya dafa ƙofa.

Mun ga jikinsa ya girgiza, haƙoransa suka haɗu. Bai yi ƙara ba. Ba a ihu gaban suruki. Ya daɗe yana duban tafin hannunsa, sannan ya ce, kansa a sunkuye, "Baba, Allah shi huci zuciyarka, zan kashe wutar gidan ga."

"Da izinin wa?"

Daga cikin gida muryar Dija ta fito: "Da nawa. Ɗiyata da jikana na ciki."

Kafin ya kashe, ya fito da ɗan sukundireba mai fitila a gindi, wanda ake gwada wuta da shi. Ya taɓa ƙofa, ta kunnu. Ya taɓa wayar shanya, ta kunnu. Ya taɓa ƙofar makewayin da mai jego za ta shiga da la'asar, ta kunnu jajir. A gidan gaba ɗaya, ƙwan fitilar zaure ne kaɗai bai kawo wuta ba.

Kwana biyu Zayyad ya yi yana sake aikin, har da wayar adon nan ya binne. Malam ya bi shi a baya da hannu a goye, yana sanar da mu cewa ya ba yaron dama ya koyi aiki.

Ni na fi kowa dariya. Da Zayyad ya tattara kayansa, sai ya tambaya cikin ladabi ko akwai wani gidan da Baba ya taɓa. Mu shida muka dubi ƙasa. A nan muka lura dukanmu muna zaune a kan tabarma da takalmanmu. Kwali irin na Malam da ke ƙofar gidana kuwa da hannuna na rubuta shi, kuma babu kuskure ko ɗaya a ciki.