Mannir Idon Shaho da Ragunan Tsafe

"Ni hwa in na tsaya Tudun Wada na ɗaga kai, ina iya gaya maka kazar da ka tono can garin Wanke baƙa ta ko wake-wake!"

Haka Mannir ke buɗe hira a kowace majalisa. Shi ya raɗa wa kansa suna Idon Shaho, ba rago ba goro, kuma in ka kira shi Mannir kawai sai ya yi kamar bai ji ba. Ka san irinsu, ɗan uwa: baki kamar gidan rediyo, aiki kuwa sai a hankali.

Abin da ke ransa guda ne. Yayan matarsa, Alhaji Yusha'u, falken raguna ne, duk Babbar Sallah yana loda tirela zuwa Legas. Shekara uku Mannir na nacin a ba shi jagorancin motar, don a Gusau wanda ya kai raguna Legas ya dawo, ko tari ya yi sai an ce masa sannu. Bana Alhaji ya gaji da naci.

"Tafi kara ta Tsafe," in ji shi. "Dillalina ya saye raguna goma sha biyu, ya shafa musu jan fenti ga baya. Kwaso min su. In sun iso lafiya, Legas taka ta."

"Alhaji, ko ido rufe!"

Da ma ya rufe ɗin, wataƙila da an fi samun sauƙi. A kara kowane falke da launinsa, don in dabbobi sun cakuɗe fentin nan ne shaida. A turke guda da na Alhaji akwai ragunan wani falke, Tanko, masu koren fenti. Da Mannir ya isa, dillali ya ce a jira shi ya yi sallar azahar. Idon Shaho ya ce shi ba a nuna masa rago. Ya zaga, ya zaɓi goma sha biyu mafiya ƙiba, ya loda a a-kori-kura, ya kama hanyar Gusau yana fito.

Ko gama sauke su a ƙofar gidan Alhaji ba a yi ba sai ga Tanko a kan babur, hularsa a hannu, yana huci.

"Alhaji, sata muka fara kuma? Bakwai daga cikin nan nawa ne!"

"Kai, kama bakinka!" in ji Mannir. "Duba bayansu. Fenti guda na!"

Alhaji ya dubi raguna, ya dubi surukinsa. Biyar ja wur, bakwai kore shar kamar ganyen alayyafo.

"Mannir, wanga mi launi nai?"

"Ja."

"Wanga hwa?"

"Ja mana! Sai dai ya ɗan sha rana."

Mutanen da suka taru suka kwashe da dariya. Mannir ya rantse fentin zamani ne ya lalace, 'yan kasuwa na surka shi da kananzir. Sai ga muryar matarsa Hajara daga zaure: "Yaya, shekara tara ke nan in na aike shi tumatir, ɗanye shika kawo min, shi ce ni ce ban san nunanne ba."

Aka ba Tanko haƙuri da ragunansa. Asiya, 'yar Alhaji, wadda ke aiki a sashen ido na wani asibiti cikin gari, ta ce ita tana zargin wani abu. Akwai mutanen da aka haifa ba sa bambance ja da kore, an fi samunsu cikin maza, gado ne, yawancinsu ma ba su sani ba. Akwai wani littafi mai ɗige-ɗigen launi da lambobi a ɓoye ciki, minti biyar ya isa a gane.

"Jibi mu tafi," in ji Alhaji. "Ka ci, ka hau mota. Ka faɗi, ka haƙura."

To, mai hankali da sai ya je a duba shi ya huta. Amma namu gwanin sai ya lallaɓa abokinsa Bashar mai faci, ya tura shi asibitin washegari da ƙaryar ido na yi masa yaji, don ya leƙo lambobin. Bashar ya dawo da guda biyar. Mannir ya yini yana bitarsu kamar mai shirin saukar karatu.

Ran gwaji ya sha babbar riga. Alhaji da Hajara suka zauna a benci, Bashar ya raɓe bakin ƙofa. Asiya ta buɗe shafin farko.

"Sha biyu!"

"Daidai, Baba Mannir. Wannan kowa na ganinta."

Ta juya. Ko duba littafin bai yi ba.

"Takwas! Ashirin da tara! Biyar! Saba'in da huɗu!"

"Baba, shafi guda na juya, ka karanta min huɗu. Kuma wannan ba lamba ba ce, layi ne za ka bi da yatsa."

Ashe daga shafin farko ƙarshen littafin ta tsallaka. Gumi ya keto wa Idon Shaho. Ya ce hasken ɗakin ne, aka buɗe taga. Ya ce littafin ya tsufa, aka ɗauko sabo a leda. Ta buɗe wani shafi, ya ƙura ido, shi dai tsaba yake gani kamar an watsa wa kaji gero. Gaskiya a nan na ɗan tausaya masa, don Legas yake kallo tana sulalewa.

Can Asiya ta buɗe wani shafi. Sai idon Mannir ya yi wal.

"Arba'in da biyar!"

Alhaji ya leƙa. "Ni ban ga komi ba."

Hajara ta leƙa, Bashar ma ya matso. Babu wanda ya ga ko ɗaya. Mannir ya miƙe tsaye, ya gyara riga, ya fara zagaya ɗakin.

"Kun gani? Mutum ukku, ido shidda, kun kasa! Ni kaɗai! Asiya, rubuta da babban baƙi, ki sa hatimi. Alhaji, ina makullin mota? Ga ta nan ɓaro-ɓaro, huɗu da biyar!"

"Ka tabbata ka gan ta, Baba? Ba hadda ba ce?"

"Na rantse da Allah da idona nig gane ta!"

Asiya ta ɗauki biro.

"To madalla. Wannan shafin da gangan aka yi shi. Mai lafiyar ido ba ya ganin komai a ciki, sai wanda ba ya bambance ja da kore."

Bashar ya toshe baki da hula. Alhaji ya miƙe yana karkaɗe riga.

"Kada ka damu, Mannir, ba ka rasa aiki wurin motar ga ba. In ta dawo daga Legas kai za ka share ta. Abin da raguna ka bari ciki, duk launi guda na."