Yadda Ake Cire wa Karen Suruki Kaska Ba Tare da Girma Ya Faɗi Ba

Duk wanda ya bi matakan nan sau da ƙafa, na yi masa alkawari karensa zai rabu da kaska, shi kuma rawaninsa na maigida ba zai karkace ba. Sai dai gara in faɗa tun da wuri: ni tsoron kare nake ji. Ba can sosai ba, irin dai wanda ke sa mutum ya tsallaka titi ya ce inuwa yake bi.

Ban karanci aikin nan a ko'ina ba, surukina ne ya jefa ni ciki. Dattijo ne da tun ranar da na auri 'yarsa yake kallon hannuwana kamar na aro ne. Da zai yi tafiya ya kawo mana karensa, Manaja, ya ce, "Za ka iya kuwa?" Na ce, "Haba Baba, ai ni cikin karnuka na tashi." Bakina ne ya faɗa, ba a yi shawara da ni ba.

1. Karɓi labarin da dakiya

Uwargida za ta same ka kana shan iska ta ce, "Baban yara, Manaja sai susa yake yi, kaska ce. Kuma yau Baba zai dawo." Kada ka zabura. Gyara zama ka ce, "Ƙaramin aiki."

2. Tara kayan aiki, amma a hankali

Kana buƙatar hantsaki mai tsinin baki, safar hannu, auduga, da ƙaramar kwalba mai sifirit na asibiti, wadda za ka jefa kaskar a ciki. Shiga ɗakin ajiya ka neme su, ka daɗe. Gwani ba ya gaggawa. Ni har tsohuwar fanka na tsaya gyarawa, uwargida na can tsakar gida zaune da karen.

Maƙwabci zai leƙo ta katanga ya ce a ɗiga wa kaskar kananzir ko a ɗosana mata ashana. Yi masa godiya, kada ka yi. Kaska in ta ji azaba amayar da dattin cikinta take yi a jikin kare, kai kuma ka ƙone wa suruki dabba. Kowace unguwa tana da likitan katanga, kuma bai taɓa kiwon ko kaza ba.

3. Nemi sulhu da kare

Durƙusa ka gaishe shi da sunansa, murya ƙasa-ƙasa. In ya yi hamma ka hango haƙoransa, kada ka ƙirga. Sa uwargida ta riƙe masa kai, ka ce mata wannan ne ɓangare mai sauƙi.

4. Lalube

Kaska, raɓi mai jini, ta san lungu: bayan kunne, ƙarƙashin wuya, hammata, tsakanin yatsu. Bi da yatsa a hankali. Ni na bi kunnuwan Manaja da wuyansa na tarar da su fes, sai ɗan ƙamshin sifirit. Mai ƙaramin sani a nan zai tsaya ya yi tambaya. Gwani kuwa birkice kare yake yi.

A fatar cikinsa na gan ta, baƙa, 'yar ƙarama, ta kafe. Ga wata a gefenta. Ga wasu a ƙasa, sun jeru layi biyu kamar maɓallan kwat. Na ce, "Kin gani? Kaskar zamani har tsari gare ta."

5. Kama kusa da fata, ja a miƙe

Sa bakin hantsaki daidai inda kan kaskar ya shiga fata. Kada ka matse cikinta, kada ka murɗa, kada ka fizga. Ja sama a hankali har ta saki.

Tawa ba ta saki ba. Manaja ne ya saki wata ƙara da ta sa maƙwabci ya sauka daga katanga ba shiri.

Uwargida ta ce, "Baban yara, ka dai duba ko tana da ƙafafu."

Na ce, "Ke, kaska in ta ƙoshi naɗe ƙafa take yi." Riƙe wannan amsar, ban san inda na samo ta ba amma ta fito da ƙarfi.

6. In suruki ya yi sallama kana tsaka da aiki

Kada ka tashi, bari ya ga kana fama. Nawa ya ajiye jaka, ya sa tabarau, ya sunkuyo ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Malam, me nonon Manaja ya tare maka?"

A nan babu abin da hantsaki zai yi maka. Ajiye shi.

7. Ka auri mace mai rufin asiri

Wannan matakin da shi ya kamata a fara, amma yanzu na gano shi. Uwargida ta jawo wata kwalba daga bayan kujera, kaska na iyo a ciki, kowace da ƙafafunta. Ta ce, "Ga su nan, Baba, tun ɗazu ya gama da na kunne. Wannan dubawa ce kawai yake yi."

Dattijo ya dubi kwalba. Ya dubi tawa kwalbar, wadda ko buɗe ta ba a yi ba. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ni kuma ya ce in je in wanke hannu. Shawara ce mai kyau, kai ma ka wanke naka, ka goge wurin cizon da auduga, in kare ya yi laushi ko ya ƙi abinci a kai shi wurin likitan dabbobi.

Hattara

Cizo, yagewar wando, dariyar maƙwabci, da kallon da suruki zai riƙa yi maka ta saman tabarau, duk babu hannun marubuci a ciki. Wanda ya bi ni ya faɗa rami, da ƙafarsa ya taka. Mai ƙorafi ya kai wa Manaja, wanda har yau in ya hango ni rub da ciki yake kwanciya.

Namijin kare ma yana da nono.