Giwan Ruwa Mai Kan Guduma

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran tunani, da ranar da hancina ya kunyata ni a tsakiyar Kasuwar Muda Lawal.

Busasshen kifi nake sayarwa, kuma a layinmu akwai al'ada: duk baƙon kaya sai an kawo mini na shinshina, na faɗi sunansa, kafin kowa ya saya. Boko aji biyu na yi na bar musu abinsu. Amma in ka ji ina bayanin kifi, sai ka rantse a cikin ruwa aka yanke mini cibiya (alhali babban ruwan da na taɓa gani dam ɗin Gubi ne, shi ma daga cikin mota).

Wani direba mai zuwa Legas ya fara kawo mana wani kifi gunduwa-gunduwa, ba kai ba wutsiya, ga araha. Na shinshina, na lumshe ido, na ce giwan ruwa ne na Tafkin Chadi. Yadda kifin Chadi ya biyo ta Legas kuwa, ban ga dalilin wahalar da ƙwaƙwalwata ba. Maƙwabcina Malam Modu, Babarbaren da aka haifa a bakin tafkin, ya ce, "Kai Bafillace, giwan ruwa ba shi da fata kamar samfefa, ba ya zarni. Ina ƙayarsa?" Na mayar masa da wasan Fulani da Barebari, na ce tun yaushe bawa ya fara yi wa ubangidansa gyara? 'Yan layi suka zuba jari a kan maganata. Ni na fi kowa, na cika shago.

Ana nan sai ga wata malamar jami'a da safar hannu, tana bi shago-shago tana yankar ɗan mitsitsin kifi tana sawa a 'yar kwalba. Ta ce akwai manyan kifayen teku da ake kira shak, an kusa ƙarar da wasunsu, shi ya sa aka hana cinikinsu. Masu kamun sukan yanke fiffiken su kai ƙasashen waje, naman kuma su busar su laƙaba masa wani suna. Gwajin DNA, in ji ta, zai faɗi ainihin kifin ko da guntu ne.

Ni a rediyo na san gwajin nan, na masu rigimar wane ne uban yaro. Sai na miƙe.

"Jama'a ku taho! An gama da matsalolin ƙasa, yanzu uban kifi ake nema! 'Yata, in kun gano shi ki ce ya zo da ragon suna."

Layi ya kwashe da dariya. Ita ma ta yi murmushi ta ce, "To Baba, kai me ka ce?"

Na gutsura na tauna a hankali, ina kallon sama. "Giwan ruwa ne, mace, ta wajen Baga. In injinku ya faɗi wani abu daban, na daina shinshina har abada." (Ba wanda ya tambaye ni mace ce ko namiji. Ni na ƙara, don armashi.)

Bayan 'yan makonni ta dawo tare da wasu jami'an gwamnati, ana tsakiyar ciniki. Ta durƙusa ta gaishe ni, wanda ya fi mari ciwo, sannan ta miƙo waya. "Baba, ga giwan ruwanka."

Hoton wata halitta na gani, kanta kamar guduma, ido ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Na yi a'uziyya na kusa yar da wayar. Ta ce shak ne, kuma yana cikin waɗanda aka hana.

Madam Rifkatu mai gidan abinci ta dafe ƙirji. "Baba, wannan dodon na dafa wa mutane da Kirsimeti?"

Na gyara hula na ce, "Ai dama na ɗan ji ƙamshin teku-teku."

Modu ya ce, "Wane tekun, na Gubi?"

Har jami'an sai da suka juya baya suna dariya. Suka tambayi wanda ke kawo kayan, na faɗa da sauri kamar mai biya karatu, aka kama direban. Mu an gane rashin sani ne, aka bar mu. Kifin dai an kwashe shi tas, nawa da na duk wanda ya yarda da hancina. Na wuni ina bi shago-shago ina ba da haƙuri, har da yaran da na haifi iyayensu.

Yanzu baƙon kaya wurin Modu ake kaiwa. Ni kuwa na koyi darasi: duk abin da ya zo ba kai ba wutsiya, kuma da araha, ka ce ba ka san shi ba. Kalmomi uku ne, "ban sani ba", amma sai da na rasa shago guda na kifi kafin bakina ya iya furta su.