Libar da Ta Fasa Rumbun Surukina

Ba za ni taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da na so in manta mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Yau shekara uku ke nan, amma in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Abin haushin kuma, ba ni da wanda za ni kama da laifi. Na nema, wallahi na nema, duk inda na juya sai in iske ni ne.

Ni direban tarakta ne. Ta ƙungiyar manoman ƙauyenmu ce, nan gefen Tsamaye, kuma a lokacin shekarata tara ina jan ta. Tana da loda a gaba, wato hannuwan ƙarfe biyu da babban bokiti, da shi muke kwasar taki da jar ƙasa. Aibinta ɗaya, libar da ke ɗaga bokitin tana can bayan kujera, sai ka murɗa jiki kamar mai sosa baya kafin ka kai gare ta. Yini ɗaya za ka yi, wuya da kwankwaso su tashi aiki. Na yi ta damun ƙungiya har suka yarda a sayo bawul, wato abin da ke rarraba mai ta cikin tiyo zuwa bokiti, a ɗaura kusa da sitiyari, mai liba biyu, ɗaya ta ɗagawa da saukewa, ɗaya ta juye bokiti.

Malam Illo, wani tsohon bakanike a Isa, shi ya samo muna ɗan gwanjo ta wajen Maradi. Da zai miƙa mini sai ya riƙe abin, ya ce, "Kawo motar gareji in ɗaura maka. Tiyon ga kama suka yi da juna, in ka sauya biyu kawai, sama ta koma ƙasa."

Na ji kamar ya mare ni. Ni? Shekara tara ina kwana ina tashi da tarakta, sai a ce ɗaura tiyo ya fi ƙarfina? Na ce, "Malam Illo, in na kasa na kawo." (A zuciyata kuwa cewa nake, tsoho, ka sha zamaninka, bar mu mu sha namu.)

A gindin durumin ƙofar gidanmu na yi aikin, mutane zaune bisa tabarmi suna kallo. Na jawo tiyon mai daga famfo zuwa bawul, na mayar da na komawa tanki, na ɗaura huɗun da ke zuwa silinda, na ɗaure kowane noti da sifana har sai da hannuna ya yi kanta. Kafin la'asar na share hannu da tsumma, na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "An gama!" Na hau na tada inji, na jawo liba don bokiti ya tashi. Sai ya danna ƙasa. Na tura gaba, sai ya tashi sama.

Na sauya biyu. Daidai abin da tsohon nan ya faɗa, kamar shi ya yi mini baki.

To ka ji inda haukata take. Gyaran bai fi tsawon shan shayi ba, kwance tiyo biyu ne ka musanya su, ɗan mai ya zuba, shi ke nan. Amma na riga na ce an gama, ga mutane sun zuba ido. Wani ya ce, "Halan lafiya? Mun ga ta yi ƙasa." Sai na ji bakina yana cewa, "Haka na waje suke. Su turawa aka yi ta tashi." Suka ce ikon Allah, Nasara ba ya abu irin na mutane. Da suka watse na ɗauko alli na rubuta a gaban sitiyari: TURA SAMA, JA ƘASA. Na ce ai hannu bawa ne, abin da kai ya ce shi zai yi.

Yanzu bari in gaya maka waye surukina. Baba (ba na faɗin sunansa, kuma ba a nan za ni fara ba) manomi ne da ake ji da shi. Bai taɓa zagina ba, bai kuma taɓa yaba mini ba. Shekara shida ina auren 'yarsa Hajo, amma in zai ambace ni sai ya ce "mai tantan", wato mai tarakta, kamar wani baƙo da ya zo huɗa ya tafi. Abin na cina a rai. A ganinsa wanda bai duƙa da hauya ba zama kawai yake yi bisa kujera yana ƙona mai.

A tsakar garkarsa, wato filin ƙofar gidansa, akwai wani ƙaton rumbu na ƙasa, shi da yayansa marigayi suka gina shi da hannunsu. Kuma ka san rumbu asirin magidanci ne. Ba mai leƙa shi sai shi, ko matarsa ba ta san iyakar abin da ke ciki ba. Mutane dai suna ganin rumbun Baba su ce gidan nan ba ya sanin yunwa.

Kakar shekarar an gama zuba gero, an ɗinka sabuwar jinka, saura a aza ta bisa rumbu. A al'ada gayya ake kira, maza kamar ashirin su kama ta da sanduna su ɗaga, a sha fura a watse. Da na ji Hajo tana zancen za ta je gida dakan furar gayya, sai shaiɗan ya hau kaina. Na ce, "Je ki gaya ma Baba kar a wahal da kowa. Ni kaɗai za ni aza ta."

Ta dube ni ta ce, "Anya kuwa? Ba jiya-jiya ka ɗaura abin ba?"

Na ce, "Ke dai kai saƙo. Mi kika sani ga inji?"

Ba a kira gayya ba, amma wallahi mutanen da suka taru ranar sun fi na gayya uku. Hatta mata sun leƙo ta saman danga. Na ɗaura dogayen itatuwa biyu a bakin bokiti, aka taimaka aka ɗora jinka a kai. Ƙanin Hajo, Nomau, wanda ba ya raga mini ko a gidan makoki, ya zagayo ya karanta allina da ƙarfi. "Tura sama, ja ƙasa. Yaya, wanga laƙani na ko addu'a?" Aka yi dariya. Na haɗiye, na ce bari aiki ya ba shi amsa.

Kuma da farko aiki ya ba shi amsa. Ina karanta allina a zuci, tura sama, tura sama, jinka ta tashi sumul, ta wuce kan mutane, ta wuce danga. Na matso da tarakta a hankali har bakin bokiti ya zo daidai kafaɗar rumbu. Wata gwaggon Hajo ta rangaɗa guɗa. Kaina ya yi girma. Har na saki liba na ɗaga wa mata hannu (Allah ya isa tsakanina da hannun nan).

Gindin jinka ya ɗan taɓa bakin rumbu, saura kamar taƙi ɗaya ta haye. Sai Baba, da tun ɗazu yana tsaye hannu a baya, ya matso, ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Ɗaga kaɗan, Injiniya."

Injiniya! A gaban jama'a! Shekara shida nake jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin nan. Zuciyata ta cika, idona ya rufe, alli ya ɓace, kai ya tafi yawo. Hannu kuwa, bawan da na ce, ya yi abin da ya shekara tara yana yi in an ce ɗaga. Ya jawo.

Ƙarar har yau tana kunnena. Bokiti ya sauka bisa kafaɗar rumbu, ƙum! Mutane suka ɗau salati, ana ta ihu, "Ɗaga! Ɗaga!" Ni kuwa da na ji ɗaga sai na ƙara jawowa iya ƙarfina, har ƙafafun gaban tarakta suka tashi daga ƙasa. Rumbu ya tsage tun daga sama har gindi, gefe guda ya zube kamar fasasshiyar tukunya. Jinka ta wuntsila ta faɗa kan danga. Nomau ne ya yi tsalle ya murɗe makulli, don ni na ƙame bisa kujera, liba na hannuna.

Da ƙura ta lafa sai wuri ya yi tsit, kuma ba don rumbun ba ne. Cikinsa kowa ke kallo. Geron da ke ciki ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. 'Yan dammuna ne a gindi, sauran duk fili. Shekarar gonar Baba ta daji ba ta nomu ba, kowa ya san 'yan bindiga ne suka hana a shiga can, amma ba wanda ya san abin ya kai haka. Tsoho ya rufe bakinsa, ya ɗinka sabuwar jinka, ya yi niyyar ya lallaɓa har Allah ya kawo wata damina ba wanda ya ji. Ni, da wayona da allina, na buɗe shi a gaban gari.

Da ya zage ni da na ji sanyi. Da ya ɗauki sanda ya rafka mini da na gode. Bai yi ba. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya shimfiɗa bisa geron, kamar rigar za ta rufe wani abu, ya ce wa jama'a, "To, an gode. Kowa ya kama gabansa." Sannan ya shiga gida.

Hajo kwana huɗu ba ta yi mini magana ba. Ran na biyar ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ashe dai na san wani abu ga inji." Na jawo kwanon na ci.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina kwaɓa ƙasa da ramno, ciyawar gini, da ƙafafuna, wando a naɗe, ina miƙa wa maginan sabon rumbu. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya ce in bari. Ranar aza jinka aka kira gayya yadda aka gada. Kowane magidanci da ya zo sai ka gan shi da dami ɗaya a kai, ya ajiye gindin sabon rumbu, ya kau da ido kamar ba shi ya kawo ba. Baba yana zaune yana kallo. Mutumin da ya saba bayarwa, yau shi ake kawo wa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wai mutane na cewa ai abin ya zama alheri. Alherin me? A tambayi Baba in haka ya so.

Da aka zo ɗagawa na kama sanda cikin maza, can baya inda ba za a gan ni ba. Sai Baba ya taso ya tsaya kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Mai tantan, mu nan in anka ce ɗaga, sama aka nufi."

Injiniyancina ke nan, numfashi ɗaya ya yi a duniya.

Washegari na kai tarakta Isa. Malam Illo ya karanta allin, ya dube ni, ya share shi da gefen hannu. Bai ce ai na gaya maka ba (na so ya faɗa, in samu wanda za ni yi wa faɗa). Ya ɗora shayi, ya kwance tiyo biyu ya musanya, ya gama kafin ruwan ya tafasa.

Tun daga ranar, in na ɗaura abu a karkace, ko gari duka ne zaune gindin durumi, sai in ce, "Jama'a, na yi kuskure, bari in kwance." Su yi dariyarsu ta minti biyar su tashi. Na gwada ɗaya hanyar, shekara uku ke nan Nomau yana kirana Ja-Ƙasa, har 'ya'yana sun fara tambayar uwarsu dalili.