Ranar da Na Kira Mamaci Ban-Ruwa

Astagfirullah, girman kai ne ya ja mini. Ni da iyakata sakandare, a waya na koyi rubuta manhaja, amma na ce wa manoman yankinmu a Kura su daina rigimar ban-ruwa, waya za ta riƙa kiran wanda layi ya zo kansa ta lasifika.

Da yaren Java na rubuta manhajar, sai dai ɓangaren da ke furta suna da yaren C aka yi shi, Java ce ke miƙa masa sunayen. Wani abokina ya gargaɗe ni: "Java tana share bayanta da kanta. C kuwa, abin da ka damƙa masa yana riƙe da shi sai ka ce ya saki." Na ce ai na sani.

Da Malam Sale ya rasu, na goge sunansa a Java, na manta da C.

Wata Talata da hantsi muna tsaye bakin ƙofar ruwa, lasifikar ta ce a sanyaye, "Malam Sale, ruwanka." Ta maimaita. Ɗansa Habu ya saki fartanya, ya juya yana kallon gonar mahaifinsa. Ranar ba wanda ya yarda ya taɓa ƙofar, tumatirin Baba Ladan, mai layin gaskiya, ya wuni da ƙishi. Ina bayanin Java da C, mutane na ja da baya.

Har yau in Baba Ladan ya gan ni sai ya ce, "Injiniya, in na riga ka, don Allah ka bar ni in huta. Noman duniya ya ishe ni."