Hular da Na Yi Darasi da Ita

Ranar da sufeton ilimi ya shigo ajina a Gummi, ina koyar da yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa su zama gishiri. Sai kaina ya kumbura. Na ce ni ne sodiyam, dattijon sufeto kulorin, na tuɓe sabuwar hulata ta Sallah na miƙa masa a matsayin ilektiron, ɗan ƙwayar da sodiyam ke ba kulorin su zama gishiri.

Na ɗaga murya na ce, "Sodiyam in ya bayar, ya bayar ke nan."

Dattijo ya gwada ta, ta zauna daram. Ya ce, "Allah shi saka, Malam."

Na raka shi mota kai ba hula, ina jiran ya tuna. Hannu kawai ya ɗago mini.

Har yau malamai na tare ni: "Malam Sodiyam, wanga agogo fa, ba a darasi da shi?"