Saƙon Ikilima Marar Suna

"...da gajiya? Wai amarya, har yanzu ba ki mutu ba?"

"Lahiya lau, ango mai aljihun kaza. In mutu in tahi ina? Ai sai na ga ranar da kash shigo gidanga da leda a hannu."

Zaharaddeen ya yi dariya, ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna gaban kakarsa. Ikilima tana ƙarƙashin rumfa a gidan ɗanta da ke Wurno, tana ɓarar tafarnuwa a faifai. Ba 'yar Wurno ba ce, kuma duk wanda ya yi kuskuren kiranta haka zai sha bayani har rana ta take. Ita 'yar Tungar Ja'afar ce, can bayan Rabah, ƙauyen da 'yan bindiga suka tayar da kusan kowa. Ƙanenta Sale ne ya kafe ya ƙi fitowa, shi da wasu tsofaffi. Ranar kasuwar da ta wuce wata mata ta kawo labarin an hana su shiga gonaki, gero ya nuna yana zubewa, su kuwa suna kwana da ganye a ciki. Tun daga ranar abinci ya daina wuce wa Ikilima. So take duniya ta ji, amma ta san akwai infoma masu kai rahoto daji, kuma idan aka gane bakin da ya yi maganar, Sale ne zai biya. Shi ya sa ta aiki jikanta, wanda ke aiki a asibiti, ya nemo mata hanya.

"Ina aiken da niy yi ma?" ta tambaya.

"Ga shi nan." Ya zaro waya.

"Wagga? Ni na ce ka nemo man gidan rediyo, kai ka kawo man abin kallon 'yan mata."

"Wa za ni kallo, ina da tsohuwa mai haƙori ɗaya da rabi? Duba nan. Wata hanya ta, ana ce mata Tor. Manyan gidajen labarai, har da rediyon da kike saurare, sun buɗe ƙohwa ta biyu nan ciki don masu tsoron a gan su. Saƙo ba shi tahiya kai tsaye. Hannu shi ka ba hannu, na tsakiya bai san wanda ya aiko ba, bai san inda za a kai ba."

Ikilima ta ajiye tafarnuwar, ta dube shi sama da ƙasa kamar mai taya akuya.

"Wanga shi na sabon ilimin? Haka kakanka shi ka aiko man da turare. Shi ba ƙanwarshi, ita ta ba mai tallan hura, mai hura ta ba ni bakin rijiya. Har anka ɗaura aure babana bai san hancina ya saba da ƙamshi ba."

"Kuma turaren ya iso cikakke?"

"Mai hura takan shafa rabi."

"To wanga a ƙulle shike, ba mai shafawa a hanya. Kin ga na hi tsohon mijinki dabara."

"Rufa man baki! Mutumin da ka hawa keke tun daga Tunga har Sakkwato don shi sawo katin gaisuwa? Da la'asar a kira sunana a rediyo, gari duka shina ji, mata su bar daka su zo su yi man guɗa. Ranar ko ruwa ba ni ɗiba, sai dai a ɗebo man. Kai mi kat taɓa sa aka kira ni?"

"Na sa an kira ki layin awon jini."

"Allah shi shirye ka."

Ta faɗi haka tana dariya, amma zuciyarta ta yi nauyi. A da mutum kan yi tafiyar yini don a ji sunansa, yau ga jikanta ya sha wahala don kada a ji nata. Ta gyara zama, ta share hannu a zane.

"Rubuta. Assalamu alaikum. Ni Ikilima, ɗiyar Liman..."

"Tsaya, tsaya. Babu suna."

"Babu suna kamar yaya? In shiga gidan mutane ban hwaɗi ko ni wa ta ba? Ɓarauniya ta ni?"

"Ai kin daɗe da sace man ƙuruciya. Kaka, hanyar nan wayata taka ɓoyewa, ba ta ɓoye bakinki. In sunka karanta a rediyo, infoma ma suna da kunne."

"To sa: wata mata kyakkyawa."

"Ba a ƙarya a labarai. Na sa: wata tsohuwa."

"Tsohuwa kakarka!"

"Ita na ce."

Ta ɗaga faifan kamar za ta kwaɗa masa, sai ta tuna da tafarnuwarta ta mayar.

"Ci gaba. Ka ce daga Tungar Ja'afar, garin da tsamiyarshi taka da rassa har bisa masallaci, wadda munka yi ta lilo..."

"Na sa: wani ƙauye a yankin Rabah."

"Ƙauye? Garin da anka yi kasuwar kihi da har mutanen Goronyo ka zuwa da jakai? In ruwa ya ja baya, yara su cika ƙwarya da hannu kawai. Ka san ƙamshin garin in anka hwara banda?"

"Ban sani ba. Amma in nis sa sunan garin, wa ad da jika mai waya wanda ka jin zahin maganar? Kowa ya san ke ta."

Ikilima ta hura hanci. Gaskiya ce, kuma gaskiya daga bakin wannan ɗan banzan ta fi ɗaci.

"To ka ce akwai ladan, ƙanena Sale. Shi kaɗai ka kiran salla, ko mutum biyu sunka rage sai ya hau ya kira. Tun shina yaro muryarshi taka kai fadama. Ni nig goye shi, kunnena na dama har yau bai warke ba."

Zaharaddeen ya ɗago kai daga wayar. Wannan karon bai yi murmushi ba.

"Ladan nawa ag garin?"

Ta mayar da ido kan tafarnuwarta.

"In cire?"

"Cire," ta ce a hankali.

Ya ga idonta ya kawo ruwa, sai ya yi maza ya koma wasa, don ya san ba ta son a gan ta haka.

"Ke da kinka ƙware a ɓoye suna? Tun da aka haihe ni ban taɓa jin kin kira sunan kakana ba. Kullum 'Malam', kullum 'shi'. Ashe ke ta kinka ƙirƙiro Tor, Turawa sunka sace."

"Wancan kunya ta, yaro. Ina ɓoye sunan, kowa ya san shi, ni kuma ina jin daɗi. Wanga tsoro na. Kada ka gama su."

Ya ce to. Ta faɗi sauran maganar a tsaye, ba ado: an hana shiga gona, hatsi yana lalacewa, tsofaffi ba su da abinci, hanya ba ta biyuwa, a taimaka. Ya rubuta, ya karanta mata daga farko.

"Wata tsohuwa daga wani ƙauye a yankin Rabah, wadda ta yi gudun hijira, ta ce 'yan uwanta da suka rage an hana su girbi, kuma yunwa tana cin su."

Ikilima ta saurara har ƙarshe. Babu tsamiya a ciki, babu kifi, babu muryar Sale. Ta ji kamar an share mata tsakar gida har da murhu.

"Wanga ai ba ni ta ba. Wanga kowace tsohuwa ta, daga nan har Goronyo."

"Shi ya sa ba mai gane ki, Kaka. Kuma shi ya sa za su yarda."

Ta daɗe tana kallon faifan. Kaji suka zo suka leƙa, suka ga ba hatsi ba ne suka wuce. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da hawaye tare.

"Ka ci, ango. Yau dai ka ci. Tura."

Ya danna. Suka zuba wa wayar ido tana ta juyi, don hanyar ɓoye ba ta da sauri, har ta nuna saƙo ya tafi.

"Tukuicina fa?"

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro goro ɗaya, ta fasa, ta miƙa masa ɓari mafi ƙanƙanta.

"Kin san ba ni cin goro."

"Riƙe dai, na maƙo na. Yanzu kashe wayar, sa ta aljihu. Matso kusa."

Ya matso har gwiwarsa ta taɓa tabarmarta.

"Tunda ita ba ta iya ɗaukar suna, kai za ka ɗauka. Ko na mutu, kada a ce wani ƙauye."

Ta rage murya, ta fara jero masa sunayen mutanen Tunga daga gidan farko idan an shigo ta hanyar Rabah, da mai gidan, da matarsa, da 'ya'yansu.